Fentin Cikin Duron Ruwa

Laraba, da dare

Makon jiya na shafe cikin duron ruwan shanmu da ragowar fentin kwanon rufi, wai maganin tsatsa. Yau ɗiyata Rahila ta wuni tana amai.

Na kai gwangwanin fentin wurin Oga Chidi mai sayar da fenti a kasuwar Zuru. Ya karanta rubutun jikinsa, ya dafe kai: "Baban Rahila, wannan ba na ruwan sha ba ne! Kwana nawa kuna sha?"

Na ce masa kwana shida. Daga nan na kai Rahila asibiti. Likita ya ba ta magani, ya ce mu koma da safe.

Ya Allah! Shekaranjiya ta ce ruwan yana wari. Da hannuna na miƙa mata kofin, na ce ta daina tsirfa ta sha.