Sawun Barnabe a Tsakar Ɗaki

Litinin, 7 ga Maris, 1672
Barnabe ya dawo daga ɗakin zane ya zauna ga abinci. Shekara talatin da ɗaya mijin nan nawa yana tuɓewa zir ya hau tebur, samari su kewaye shi da jan alli suna zana shi. Wai aiki ke nan. Ni da nake tallar kifi tun asuba, ba wanda ya taɓa biyana don na tsaya cak.
Ya zubar da miyar wake a riga. Hannun daman ne ke rawa. Na yi kamar ban gani ba.

Laraba, 9 ga Maris
Na tatso shi ya faɗa min damuwarsa. Malam Lubin, mai koyarwa a ɗakin zanen, ya sa shi tsayuwar mai jifa da mashi: hannu sama, riƙe da igiyar da ke rataye a rufi, an zagaye sawunsa da farin alli don gobe ya koma gurbinsa daidai. To, igiyar ce ta tona shi, rawa take yi. Ran Asabar malam zai faɗi ko zai ci gaba da shi.
Na ce, "Tsoho, me za su rasa? Ai dama ba kai suke zanawa ba."
Gaskiya ce kuwa. Su kalle ka, su juya su kalli gumakan Rum da ke jere a bango, su gyara ka. Hancinsa da sandar jirgi ta karya tun yana fito a kogin Seine, ba wanda ya taɓa zana shi a karkace. Takardun da suke yarwa da su nake ƙunshe kifi. Rabin unguwa sun kai jaruman Rum gida suna ƙarni.
Bai yi dariya ba.

Alhamis, 10 ga Maris
Na kwance igiyar shanya na ɗaura a sama, mu gwada. Addu'ar Ubanmu sau uku kacal na karanta rawar ta fara. A can kuwa sai agogon yashi ya zube tas ake sauke hannu.

Juma'a, 11 ga Maris
Na share ɗaki sau uku. Ban san me nake nema ba.

Asabar, 12 ga Maris
An ɗauki wani soja mai ƙirji kamar ƙofar coci a madadinsa. Malam ya rako Barnabe har titi, ya cika masa aljihu da guntayen jan alli. Alli. Ko dafawa za mu yi?

Talata, 15 ga Maris
Mutumin da ya fi gunki iya tsayuwa, yau zama ya gagare shi. Taga, ƙofa, taga. Na ce ya fita kafin ya ƙarar min da daɓe. Ya fita, ya dawo kafin tukunya ta tafasa. Ni ma ɗinkin da nake yi na warware shi sau biyu.

Alhamis, 17 ga Maris
Mun dawo daga kasuwa ni da jikata Toinette, mai zana furanni a maficin matan attajirai, wadda kullum take mitar ba a barin mata shiga ɗakin zane. Muka tarar da shi tsakar ɗaki, ba riga, hannu sama, ba igiya. Shi kaɗai.
Na buɗe baki zan tsokane shi, ta riƙe min hannu. Ta ce, "Kaka, ina allin nan?"
Ya ce ba zai iya tsayuwa ba, hannun rawa yake. Ta ce ya yi ta rawarsa, ita ba sauri take ba.
Ni na durƙusa na zagaye masa sawu da allin. Don dai gwiwar yarinyar kada ta yi datti.

Lahadi, 20 ga Maris
Ta gama. Hancin a karkace, tumbin ma ba ta raga masa ba. Na ce mata wannan ko kifi ba zai yarda a ƙunshe shi ciki ba.
Zanen yana cikin akwatina, ƙarƙashin rigar coci, saboda ɓeraye.
Na yi shara. Tsintsiyar ta tsufa, ba ta kai tsakar ɗaki inda sawunsa yake ba.