Duwatsun Bayan Tudu

Zuwa ga 'yar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ai mai gudun kilomita ashirin kafin karin kumallo ba ta rasa lafiya, hankalin ne ban sani ba.

An ce ke kika tsara hanyar tseren da za a yi ƙarshen wata a tsohon filin yaƙin da nake kula da shi. Na ga ƙyallayen da kuka ɗaɗɗaura a bishiyoyi, na kau da kai. Na gan ku kuna ɗora ƙafa a dakalin ginin tunawa da mamata wai kuna miƙe jijiya, na haɗiye. Amma jiya na bi siririyar hanyar bayan tudu, na tarar an share ta tas. Duwatsu goma sha ɗayan da ke bakinta babu ko ɗaya.

Sunayen da ke jikin ginin na manyan soja ne. Ƙanana kuwa inda suka faɗi aka rufe su, iyalansu suka aza dutse. Alamar kaburbura kika kwashe, ciki har da na kakanki, uban uwarki.

Na kai ƙara wurin kwamitin filin, sun dakatar da tseren. Allah Ya shirye ki.

Kawunki

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa. Na kira wayarka sau shida ba ka ɗauka ba, to ga takarda, tunda ita ka fi so.

Ni na kwashe su, ba na musu. Aikin mai share hanya ke nan, ya cire abin da zai sa mutum tuntuɓe. Gangaren nan da gudu ake sauko shi, bara a irinsa abokiyata ta karye a idon sawu. Duwatsun ba rubutu, ba shinge, ba allo. Ta ina zan sani? Duba zan yi?

Shekarata talatin da ɗaya, ba wanda ya taɓa ce mini ga inda kakana yake. Kai da Mama kun shekara ashirin ba ku magana har ta rasu, saboda ta zauna birni ba ta zuwa ziyara. Ka rungume kabarin kamar kai kaɗai ya haifa. Yau kuma ka tuna kana da 'ya, don ka samu wadda za ka zaga. Wallahi ya ƙona mini rai.

Duwatsun suna nan a tare ƙarƙashin bishiyar bakin rafi. Ka sa a mayar da su, ka janye ƙarar. Mutum ɗari uku sun yi wata shida suna atisaye.

Ka huta lafiya.

'Yarka, ko ba ka so

*

'Yar ƙanwata,

Sallama. Na ga takardarki, bakin uwarki sak.

Wai "ka sa a mayar da su". A mayar ina? Kujerun falo ne? Tun ranar da kika kwashe su aka kwana uku ana ruwa, laka ta gangaro ta shafe guraben. Ni kuma ciwon yana ya rufe mini ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Shekara huɗu ke nan da sanda nake gane su: in na daki dutse, na san wane ne a ƙasa. Jiya na yini ina bugun ƙasa kamar mahaukaci, ban ji komai ba sai laka.

Wata tsohuwa tana zuwa duk shekara wurin na yayanta. Me zan nuna mata? Hanya mai kyau?

Zancen ban faɗa miki ba, wannan kin yi gaskiya, kuma ba zan ba ki haƙuri ba. Kin san hanyar tudu da ba wanda ya nuna miki, hanyar gidana ce ta gagare ki. Mutanenki ɗari uku su je su zagaya kasuwa.

Wassalam.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da yau. Ba don tseren na rubuto ba, na riga na karkatar da hanyar ta bakin rafi. Kwamiti su yi abin da suka ga dama.

Agogon da nake gudu da shi yana zana duk inda na bi, yana kuma nuna inda na tsaya. Ranar da na share hanyar yana hannuna. Duk inda na duƙa na ɗaga dutse na kai gefe, ya ajiye ɗigo a taswira. Shekaranjiya na koma da fartanya, na bi ɗigo ɗigo ina kankare laka a hankali. Kusa da kowane ɗigo na samu gurbi, kuma kowane dutse ya zauna daram a nasa. Na yi kuka a wurin, in hakan zai sanyaya maka rai.

Sai dai ɗigo goma ne, duwatsun da na tara ma goma ne. Na ƙirga sau uku. Ka ce goma sha ɗaya, ina jin lissafin ne ya kuɓuce maka. Ka je da sandarka ka duba, sannan ka faɗa mini wanne ne na kakana. Ina da haƙƙin sani.

Ina gaida mutan gida.

'Yarka

*

'Yata,

Wa alaikis salam. Na je, na daki goman, kowanne yana wurinsa. Allah Ya saka.

Lissafi bai kuɓuce mini ba. Na kakanki ba ya cikinsu. Shi ne ƙarami, bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Kakarki ta ɗauko shi daga rafi da tsohon cikin uwarki, ina biye da ita, iyakar abin da ta iya ɗagawa ke nan. Agogonki bai ga kin tsaya ba don ba ki tsaya ba. Da ƙafa kika ture shi kika wuce.

Ki zo ranar Asabar. Ke ce mai ido, ni ne na san shi.

Kawunki