Sunan Baban Inna

Lyon, daren Talata

Sai da ɗiyata Hadiza ta ce, "Mama, to mene ne ainihin sunansa?" na gane ban sani ba. Ta samo tsohuwar takardar ƙidayar Damagaram ta zamanin Faransawa, muna neman kakana da aka haifa a Kumasi. Haifaffun Kumasi uku ne a ciki: Isa, Mamman, Tanko.

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kama sunan ubanta ba, don kunya. "Mai Goro" take cewa. Ina ta ganinsu a zuci, su uku a kasuwa, kowa da huhun goronsa, babu wanda ya waiwayo.

Hajiya Rabi, tsohuwar maƙwabciyar su Inna, ita kaɗai ta rage da ta san shi. Ban kira ta ba tukuna.