Tutar Preben Ba Ta Tashi Ba

Vejle, Denmark

Zuwa ga yayana Sabahudin,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka lafiya, kai da matarka Ifeta da mutanen Tuzla baki ɗaya. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan jiki lafiya, hankali ne dai ba a kwance ba.

Ka tuna maƙwabcina Preben, wanda ya tsaya cikin ruwan sama a ƙofar sansaninmu na 'yan gudun hijira da kwali a hannu, yana ihun a ba 'yan Bosniya takardun zama? Tun da muka tare kusa da shi, ranar haihuwar kowa a gidana sai ya ɗaga tuta a sandar gidansa, yadda ake yi wa maƙwabci. Ko surukata Rimah, matar ɗana Adnan, 'yar Siriya, bai taɓa tsallake ranarta ba.

Yanzu hoton masu cewa a kori baƙi ne manne a tagarsa. Da na yi masa magana, dariya ya yi, wai in daina tsufa da rigima, ni ai tasu ce, ba da mu ake ba, zamani ne ya canza. Na tambaye shi da wa ake. Sai ya koma yankan ciyawarsa.

A bazara mahaifin Rimah ya rasu, ta je Dimashƙ, babban birnin ƙasarsu, jana'iza. Adnan ya ce ta tafi kawai, ai mu ma mun je mun binne Baba ba wanda ya ce uffan. Lissafin zamaninmu ya yi, lokacin da takarda in an ba ka ta zama taka. Ta yanzu aro ce. Da ta dawo, ta kai wa Bodil matar Preben alewar sadaka, har da nuna mata hotuna. Ba a jima ba hukuma ta kira Rimah: tunda ta je ta dawo lafiya, wai ƙasarta ta zaunu. A watan gobe za su yanke hukunci kan takardar zamanta. Ban ce wani ya kai tsegumi ba, Yaya, amma tsoro nake ji, irin wanda na manta da shi tun barinmu gida.

Ranar Asabar Ajla, 'yar Adnan da Rimah, ta cika shekara biyar. Tun safe take manne da taga tana jiran tutarta. Sandar tana nan tsirara har rana ta faɗi. Preben ya ce igiya ce ta tsinke. Washegari tuta na kaɗawa a kanta, don jikan mutanen gida na gaba.

Adnan ya rantse in aka kori matarsa ba zai raba ta da 'yarta ba, kuma Dimashƙ ba za su je ba. Don haka ina roƙonka, ka buɗe ɗakin sama na gidan Baba, ka duba rufin. Gidan da muka gudu muka bari, a share shi, wataƙila mu gudo gare shi.

Gaishe min da Ifeta, da Goggo Mersiha, da Nermin da yaransa. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Zumreta