Kwanon Dambun da Sanusi Ya Maido Mini

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sauraron Ƙarar Ma'aikata, Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Mu nan Morai jikoki sun warke daga tari. Malam mai gidana ne kumburin ƙafarsa ya ƙi saɓewa, sai ɗana Rabi'u, wanda jikinsa ƙalau amma abinci ya daina shigar masa tun da aka sallame shi daga injin casar shinkafa a Bakura. Ƙararsa tana gabanku. A yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi.

Na farko. Cikin waɗanda za su saurari ƙarar akwai Sanusi. Uwarsa ta rasu yana cikin tsumma, ni na shayar da shi tare da Rabi'u. Ranar Juma'a na aika masa dambun zogale kamar yadda na saba, ya maido kwanon ko buɗewa bai yi ba. Na yi kuka. Malam ne ya fahimtar da ni cewa 'yan kwamitin sun dafa Alƙur'ani sun rantse ba za su karkata ga kowa ba. Kunya ta kama ni, na sa masa albarka.

Na biyu. Akwai kuma wani a cikinku, surukin mai injin ne, kuma har yanzu a zaurensa yake cin tuwo. Ban ce ya ci amana ba. Ina dai tambaya: rantsuwar da ta maido kwanona, ba ita ya yi ba?

Na uku, wanda ya fi damuna. In Sanusi ya tausaya wa ɗan'uwansa, rantsuwa ta kama shi. In ya taurare don kada a zarge shi, Rabi'u ya rasa aikinsa. In ma gaskiya ce ta ba Rabi'u nasara, za a ce nono ne ya yi magana. Dukansu a bayana na goya su, ba zan sayi ɗaya da ɗaya ba.

Roƙona, ku sauke wa Sanusi da surukin nan wannan ƙara, ku ba waɗanda ba su san mu ba. Abin da suka yanke na karɓa.

Don Allah a ba ni amsa kafin Talata mai zuwa, ranar zamanku. In kun sauke masa, zogale na nan a shanye, in sake aika kwanon.

Allah Ya dafa muku, Ya sa ku sauke abin da kuka ɗauka lafiya.

Wassalam.
Hajara, uwar Rabi'u da Sanusi, Morai.