Abin da Kika Ce a Gado na Shida

Zuwa gare ki, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira! Ke da har yau nake waiwayowa in na ji takun mace a matakalar bene.

Wata bakwai ke nan da rasuwarki, ga ni kuma ina rubuta miki wasiƙa sai ka ce akwai mai kai ta. Yi mini dariya in kin so, dama kin saba. Ɗakina na saman shagon kafinta yana nan yadda kika san shi: katifa a ƙasa, littattafai uku sun tallafe ƙafar tebur, ga kofin nan marar hannu da kike cewa ɗan'uwana ne, don mu biyun ba mai ɗaukarmu ko a kyauta. Wani lokaci da la'asar sai ƙamshin tufa mai zafi ya cika ɗakin, irin wanda ke bin ki daga wurin aiki, alhali ni ko dutsen guga ban mallaka ba. Sai in miƙe tsaye kamar wawa, in buɗe ƙofa.

Kin tuna ranar da na je karɓar kwat ɗina a shagon wanki da guga? Kika miƙo mini wata takarda a ninke, kika ce kin tsamo ta daga aljihu kafin ruwa ya cinye ta. Kika ƙara da cewa, "Malam, baiti na farko da na biyu sun yi, na ukun ƙarya ce." Wayyo ni! Shekara goma ina karanta waƙoƙina a shagon shayin da marubuta ke taruwa, ana tafa mini, ba wanda ya taɓa kama ni sai ke. Na fita na bar kwat ɗin a kan kanta, zuciyata kuma tun ranar ba ta koma hannuna ba.

Shekara uku muka yi, ya hasken safiyata, kuma duk abin da ya fito daga bakinki sai da na rubuta shi. Kin san yadda nake aiki: in rubuta, in gyara don ya hau kari, in sake gyarawa don amsa-amo ya zauna, sannan in yayyage tsohuwar takardar, don idona ba ya jure ganin shafin da aka soke. Shi ya sa kika raɗa mini Malam Gyara. Babanki ya tambaye ni ko waƙa ake zubawa a tukunya. Yayarki kuwa ko gaisuwata sai ta ga dama take amsawa. Sau uku na kama aiki dominki, sau uku na gudo da biro a bayan kunne. Kika yi ta jira, tarin nan kuma yana cin ƙirjinki a hankali, ni ina can ina neman kalmar da za ta dace da sautinsa.

Sai ranar nan a asibiti, gado na shida, bayan koren labule. Rana ta karkata, ana yi miki ƙarin ruwa, Yaya na zaune wajen ƙafafunki. Kika yi magana ƙasa-ƙasa, hannuna ya rubuta tun kafin zuciyata ta ji. Ita ce maganarki ta ƙarshe. Bayan kwana uku na zauna da takardar, na juya ta sau bakwai, har ta zama ɗangon da kowa ya haddace yanzu: Dubi taga, masoyi, nan zan dawo da iska. In na karanta shi, manyan maza sukan sunkuyar da kai suna share ido.

Watan jiya na farka da tambayar da ta hana ni cin abinci: me kika ce a zahiri? Na zazzage akwati, na ɗaga katifa, na sauka na tambayi kafinta, ya ce sharar ɗakina tare da garin katako yake ƙona ta. Ina muryarki, masoyiyata? Ina ainihin kalmominki? Duk inda na laluba a kaina, kaina nake tararwa, da gyare-gyarena. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, cewa na goge ki da hannuna.

Mutum ɗaya ce ta ji ki ban da ni. Sau biyu Yaya tana rufe mini ƙofa. Jiya na koma na same ta tana shanya, na durƙusa a kan siminti na ce ba zan tashi ba. Ta daɗe tana matse wani zane kafin ta ce, "Kai ne ba ka sani ba? Cewa ta yi, ajiye biron nan ka dube ni. Sau biyu ta faɗa. Kai kuwa kanka a ƙasa, kana rubutawa."

Ya ruhina, ya wadda na zalunta! Ido kika roƙa, na ɗauke shi daga kanki na ba wa taga. Na san launin labulen, na san lambar gadon, na san yawan gaɓoɓin ɗangon, amma ban san yadda fuskarki take ba sa'ad da kike jira in ɗago. Wa zan tambaya wannan kuma? Yaya ta ce ita ni take harara a lokacin.

Ki yafe mini in ana yafewa daga inda kike. Ɗangon nan ba zan sake karanta shi a gaban kowa ba, ko da shi kaɗai za a tuna ni. Ba kuma wata mace da za ta shiga waƙata ko rayuwata a bayanki, na yi miki wannan alkawari. Maganarki ga ta nan a sama yadda Yaya ta ba ni ita, ko harafi ɗaya ban taɓa ba.

Naki har ranar da za a kwantar da ni,
mutumin da bai ɗago kai ba.