Wurin Hannun Baba

Asabar, bayan isha'i.

Kafaɗuna kamar ba nawa ba. Tun hantsi nake kan tsohuwar motar Baba, don gobe mai saye zai zo daga Pantami. Tun rasuwarsa take ajiye a gindin dalbejiya, kashin tsuntsaye duk ya ɓata fentin.

A inuwa na wanke ta, yadda ya koya mini. Na bi lungunan wili da tsohon buroshin haƙori har jar lakar ta fita. Yaya Bappa ya ce in shafa wa tayoyin baƙin mai su yi sheƙi, na ƙi. Baba ya tsani wannan, cewa yake yana cinye roba.

Da na zo ƙofar direba, sai na ga wani wuri a ƙasan gilashi ya dushe, ya yi duhu. Na zuba man goge fenti na dirje shi, har ina murna da ya fita.

Inna ta fito da buta, ta tsaya.

"Usmanu, ina wurin nan?"

"Dattin? Na goge shi, Inna."

"Ba datti ba ne. Nan yake ɗora hannu in zai gaisa da mutane. Kafin ya fita daga unguwar Shamaki sai ya tsaya sau goma."

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta shafa wurin kawai, ta koma ciki.

Yaya ya ce motar ta dawo sabuwa. Na leƙa ta ɗazu. Tana ƙyalli kam, kamar motar kowa.